Bangon Waɗanda Suka Warke

Tun da na dawo daga Kwatano ba a bar ni na zura zare a allura cikin kwanciyar hankali ba. Duk wanda ya zauna a bencin ƙofar shagona, ko ba ɗinki ya kawo shi ba, sai ya ce in ba shi labarin jirgin ƙasa da teku da mutanen Koriya. Na ba da na jirgi har ya gundure ni. Na ba da na teku har Jibo direba, wanda ya fi ni sanin tekun nesa ba kusa ba, ya fara yi mini gyara. Amma akwai yankin da nake tsallakewa, kamar yadda tela ke ɓoye ƙunar dutsen guga a cikin kalmasa. Yau zan faɗe shi, mai zagina ya zaga.

Sunana Idi, tela ne ni a Gaya, kusa da tasha. Yayana Mumuni shi ya rene ni bayan rasuwar mahaifinmu, kuma da shinkafarsa aka sayi keken da nake takawa har yau. Wata safiya yana gonarsa ta bakin kogi ya yanke jiki ya faɗi. Da aka ɗauko shi bakinsa ya karkace, hannun dama da ƙafar dama sun mutu, magana ta ɗauke. Likita ya ce jini ne ya hau, ya ba da ƙwayoyi, ya ce sai haƙuri. An yi rubutu, an yi hayaƙi, sorkawa, masuntan nan masu magani, su ma sun zo sun yi nasu. Hanyar Kamba kuwa sojojin Najeriya sun rufe ta a lokacin, balle mu yi tunanin Sakkwato. Mutumin da ke ɗaukar buhu da hannu ɗaya ya koma sai an juya shi a tabarma, idonsa kaɗai ke bin mutane.

Jibo ne ya zo da labarin. Ya ce a Kwatano akwai gidan mutanen Koriya ta Arewa, kamfanin magani ne na gwamnatinsu, suna sayar da maganin kakanninsu. A ciki akwai wani ƙwallo guda da aka lulluɓe da zinariya, wanda ke tayar da mai shanyewar jiki. Ba sai an kai musu marar lafiya ba, in ji shi, hotonsa kawai suke dubawa su karanta ciwon a fuska. Bibata matar Yaya tana bakin murhu tana ji. Ni da ita ba ma haɗuwa ba mu tsokani juna ba, tun ina yaro take kirana mai dogon wuya, amma ranar ko kallona ba ta yi ba. Ba ta ce in tafi ba. Ta dai sa an kai bijimin noma kasuwa ranar Talata, da yamma ta miƙo mini kartin shaidar Yaya a naɗe cikin tsumma, don a duniya ba shi da wani hoto sai wanda ke jikinsa.

Kartin nan ne ya fara ja mini tun ban bar ƙasarmu ba. A bakin gadar da ake tsallakawa zuwa Benin sojoji suka sauke mu aka shiga laluben aljihu, sai ga ni da karti biyu, fuska biyu. Wanda ya san zamanin nan ya san abin da hakan ke nufi: mutum kan kwana a ɗaure a kan abin da bai kai wannan ba. Aka zaunar da ni a rana, motar Jibo ta tsallaka ta tsaya can Malanbil tana jirana, fasinjoji na tsine mini daga nesa. Abin da ya cece ni galon hannun sarjan ɗinsu ne, wato alamar muƙaminsa, da ya ɓalle yana lilo. Na ce masa ni tela ne, na ciro allura daga hulata, na kama masa shi tsaf a tsaye. Ya duba aikin, ya duba hoton Yaya, ya miƙo mini kartin.

Ya ce, "Ba kai ne na farin da ya wuce nan da huskar wani cikin aljihu ba. Tahi abinka."

Na so in tambaye shi yadda sauran suka ƙare, amma ba a tsayar da soja da tambaya.

Benin, wadda tsofaffinmu har yau suke kira Dahome, ita ma soja ke riƙe da ita, sai dai nasu sojan na juyin juya hali ne. Kowa kamarad ne, wato abokin gwagwarmaya, ba babba ba yaro. Wani jandarma da bai kai ɗan cikina ba ya kira wani dattijo mai furfura kamarad, dattijon kuma ya amsa. A Gaya da ka gwada haka da kafin magariba an kai ƙararka gidanku. Daga Malanbil zuwa Kandi, daga Kandi zuwa Paraku, na daina lissafin shingaye. A sauka, a jera, a nuna takarda, a hau. Na koyi darasi, kartin Yaya ya koma cikin kalmasar wandona, na ɗinke shi da kaina.

A Paraku Jibo ya ajiye ni gidan wani Bahaushe mai sayar da albasa, shi ya juya. Aka kawo mini sakwara da miyar gyaɗa da wagasi, wato cukun Fulanin can da ake soyawa ja. Na ci har na ji kunya, sannan na tuna Yaya kunu ake ɗura masa da cokali rabi na zubowa ta gefen baki, sai na tsame hannuna daga kwanon. Da safe na shiga jirgin ƙasa, karo na farko a rayuwata. Mata suna miƙo abarba ta taga, da wani naman daji ƙyafaffe mai haƙora waje wanda ban tambayi sunansa ba don kada a gaya mini. Wajen azahar na leƙa kai in ga inda kan jirgin yake, iska ta fizge hulata da allurata da komai. Haka na shiga Kwatano kai ba hula kamar wanda aka koro, mai masaukina a Zango, Alhaji Sale, ya ara mini tasa da ke sauko mini har kunne.

Alhaji Sale mutum ne mai hira, ya tambaye ni kowa na Gaya har waɗanda suka mutu tun ban yi wayo ba. Da na gaya masa abin da ya kawo ni sai ya shiga gyara tabarma wadda ba ta karkace ba. Ya kwatanta mini gidan dalla-dalla, amma da na ce ko zai raka ni, ya ce ƙafarsa na ciwo. Na gan shi da yamma yana tafiya masallaci garau.

Gidan yana wani layi mai shiru, bayan doguwar katanga. Mu a wurinmu mai magani a tsakiyar kasuwa yake, da lasifika, yana rantsuwa yana ba mutane dariya, masu jinya kuma in sun haɗu sai gaisuwa da yaya mai jiki. Nan babu rediyo, babu kukan yaro, babu ƙamshin girki, kamar ba a taɓa hura wuta a gidan ba. Na tarar da mutane zaune a dogon benci, dukansu lafiyayyu, kowa da hoto a kan cinyarsa fuska sama. Wata mata da hoton tsoho, wani saurayi da na jaririya. Ba mai magana da wani. Na yi sallama, muryata ta dawo mini, na farke kalmasar wandona na ciro Yaya na ɗora a cinya kamar kowa.

Da layi ya zo kaina wani tafinta mutumin Kandi, mai jin Dendi da Hausa, ya shigar da ni. Mutanen Koriya biyu ne a ɗakin. Kayan jikinsu yadi ɗaya, ruwan toka, yanka ɗaya, kowa da ɗan jan maɓalli mai fuskar shugabansu a ƙirji. Babban hoton shugaban na sama da kansu, ko ƙura babu. Mu ma muna da hoton namu sojan a kowane biro, wato ofis, amma namu ƙudaje na sauka a kansa ba wanda ya damu. Ɗaya likita ne, dattijo siriri, yana zaune. Ɗayan yana tsaye jikin ƙofar ciki, ba ya komai sai kallo, kuma ba ni yake kallo ba, likitan yake kallo. Idon tela ba ya hutawa: kwalar rigar likitan an taɓa farke ta an juya, an mayar da ɗinkin hannu ƙanana ƙanana, irin aikin matar da ba ta da halin sayen sabuwa. Ta na tsayen sabuwa ce fil.

Likita ya karɓi kartin da hannu biyu ya tsura masa ido. Ni kuma na juya ina kallon bangon hagu, wanda hotuna suka rufe daga sama har ƙasa, layi layi, baƙaƙen fata zalla. Tafinta ya ce waɗanda suka warke ke nan.

Rigar na fara ganewa kafin fuskar. Shadda ce mai aikin wuya na zare ruwan ƙwai, kuma a gefen hagu akwai ɗan tauraro da ba ya cikin zanen, wanda na saka don in rufe inda almakashina ya zarce. Hannuna ne ya yi shi. Na ɗaga ido na ga Alhaji Hamani mai motocin albasa na unguwarmu, zaune a kan kujerar nan da nake kai, bakinsa a karkace, yatsun wani da ba a ga jikinsa ba suna riƙe da kafaɗarsa ta baya. Iyalinsa sun ce mana asibitin Paraku aka kai shi. Daminar da ta wuce ni na yanka likkafaninsa, ina cikin waɗanda suka ɗauki makararsa.

Na matsa kusa da tafinta na ce a hankali, "Wanga mutum na san shi. Ya rasu, da ni anka rufe shi."

Bai kalli bangon ba, bai kalle ni ba. Ya ce, "A nan bai rasu ba."

Aka kawo maganin cikin ɗan akwatin katako mai shimfiɗar jan kyalle. Bai wuce girman goriba ƙarama ba, yana ƙyalli. Tafinta ya shiga karanto abin da yake warkarwa kamar mai hadda: shanyewar jiki, hawan jini, farfaɗiya, zazzaɓi, mantuwa, har ya kai inda na daina ji. To, mu a gida akwai abin da kowa ya sani. Mai magani ba ya miƙa maka garinsa sai ya lasa a gabanka, ko bokan ƙauye ne ko mai tallan kasuwa, don ka san abin da ya ba ka ba zai kashe ka ba. Na ce a gaya wa likita ya ɗan taɓa a harshensa. Tafinta ya yi kamar bai ji ba, sai da na maimaita da ƙarfi, don ni in raina ya ɓaci ba na iya rage murya. Da aka fassara, likitan ya waiwayi na tsaye. Na tsayen ne ya yi magana, karo na farko, yana murmushin da bai kai ido ba. Wai maganin ya fi ƙarfin a ɓata shi a bakin mai lafiya, ƙasarsu ta tanade shi ne don abokanta na waje.

Sannan ya miƙo hannu ya ɗauki kartin Yaya daga tebur, ya ce za a ɗauki hotonsa a sa a dosiye, wato fayil ɗin marar lafiya, ya shige ɗakin ciki.

Ƙofar na rufuwa likitan ya zama wani mutum. Ya kama hannuna na dama da sauri, ya lanƙwasa gwiwar hannun ya miƙe, ya lanƙwasa ya miƙe. Ya buɗe yatsuna ɗaya bayan ɗaya ya dunƙule su. Ya nuna ƙafata ya yi alamar tafiya da yatsu biyu a kan tebur, ya nuna rana ta taga ya ɗaga yatsu uku, sau uku ke nan kullum. Ya ce gishiri da Faransanci, ya kaɗa hannu alamar a bari. Tafinta ya juya mana baya yana kallon katanga kamar an biya shi ya ƙirga bulo. Daga ƙarshe likitan ya ɗora yatsa a kan akwatin, ya dube ni cikin ido, ya girgiza kai kaɗan, kaɗan ƙwarai, har yau wani lokaci ina tambayar kaina ko na gani. Muka ji takun takalmi. Kafin ƙofar ta buɗe hannayensa sun koma kan tebur, fuskarsa ta rufe kamar ba ita ba.

Ga yankin da nake tsallakewa. Na ga Alhaji Hamani a bango, na ga an ƙi lasawa, na ga likita ya girgiza kai, kuma na saya. Ba wanda ya tilasta ni. Na tuna bijimin da ya riga ya tafi, na tuna Bibata za ta tsaya a ƙofar gida tana kallon hannuna, na tuna idon Yaya, sai na ce a raina ai Alhaji kwanansa ne ya ƙare, wataƙila namu ya dace. Na fito da akwatin a ƙirji ina jin kunyar mutanen benci, ban gaya wa ko ɗayansu abin da na gani ba. Teku da kuke ta tambayata, a ranar na gan shi, ban kuma ji komai ba.

Dawowa ba ta da labari, shingayen nan ne dai a juye. A gada sarjan ya gane ni, ya nuna mini galonsa na nan daram, bai tambaye ni komai ba.

Bibata ta share ɗaki ta kunna turare kamar za a karɓi baƙo. Maƙwabta suka cika tsakar gida don ganin zinariya. Na jiƙa maganin a ruwan ɗumi yadda aka ce, na kai cokali bakin Yaya, sai ya datse haƙora. Ya kalli cokalin, ya kalle ni, ya sake kallon cokalin. Bibata ce ta gane, ta ce, "Idi, shina jiran ka lasa." Tunda mai maganin ba ya nan, wanda ya kawo shi ne madadinsa. Na lasa. Ɗaci ne da ƙamshin kafur da wani abu kamar kanumfari. Da ya ga na haɗiye ya buɗe baki ya shanye duka, saboda ya yarda da ni. Ban taɓa jin na ci amanar mutum kamar ranar ba.

Ya yi barci mai nauyi, ya tashi yadda yake. Muka jira kwana uku, muka jira bakwai. Maƙwabta suka daina leƙowa. Ni kuwa na shiga rufe shago sau uku a rana ina zuwa ina lanƙwasa masa hannu ina buɗe yatsu, na hana Bibata sa gishiri har muka yi faɗa na gaske, ta ce daga Kwatano na koyo rowa. Bayan wata biyu yatsunsa sun fara kama bakin zanen rufarsa. Iyakar abin da muka samu ke nan, kuma na san ba daga akwatin ya fito ba. Ana gab da yankan shinkafa ciwon ya sake bugunsa, bai kwana biyu ba Allah ya karɓi abinsa. Ni na yanka likkafanin.

Bayan arba'in da ƴan kwanaki ina kan keke da hantsi wani dattijo ya yi sallama, ƙafafunsa fari fat da ƙurar hanya. Ya ce daga Karakara yake. Ya ciro wata takarda mai launi daga aljihu, irin wadda direbobi ke rabawa a tasha, ya buɗe ta a kan teburin yankana. Rubutun Faransanci ne da hotuna shida. Na uku Yaya ne, cikin rigar da na ɗinka masa ta zuwa ɗaukar hoton karti, har da gefen hatimin hukuma a kafaɗarsa. A ƙasa an rubuta manomi daga Gaya.

Ya ce, "An ce mini kai ne ƙanensa. Uwar ɗiyana ce kwance wata huɗu. Ina son in ga wanga bawan Allah da idona shina tahiya, kahin in saida gonata."

Na rufe shago na ce, "Baba, taho in kai ka wurinsa."

Muka bi ta bayan kasuwa. Da ya ga mun bar gidaje ya rage sauri. Na nuna masa kabarin, ƙasar ba ta gama kwanciya ba. A nan tsaye na gaya masa duk abin da na gaya muku yanzu, bango da tauraro da girgiza kai, shi ne mutum na farko da ya ji. Ya saurara har ƙarshe. Ya tsuguna ya yi wa Yaya addu'a doguwa, ya shafa, ya ninke takardarsa a hankali ya mayar aljihu. Sannan ya tambaye ni ƙarfe nawa motar Paraku take tashi.

Na buɗe baki in yi masa faɗa, sai na tuna wanda ya fito daga gidan nan da akwati a ƙirji. Na ce ya ba ni hannunsa na dama. A bakin maƙabarta na lanƙwasa masa shi na miƙe, na buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya, na sa ya maimaita har ya iya, na ce sau uku kullum, a kuma bar gishiri. Na tambaye shi ko yana ɗauke da hotonta. Ya dafa aljihun ƙirjinsa.

Na ce, "Baba, motar bayan azahar take tashi. In ka sayi abin da za ka saya, ni ba ni da bakin hana ka. Amma in sunka ce ka ba su hoton, kada ka saki."